Asabar Biyu da Na Shayar da Lambun Auta

Sana'ata sayen tumatir ce, kuma mafi yawa tun yana tsaye a lambu nake sayensa, kafin ya nuna. A wajenmu, tsakanin Kura da Bunkure, wannan ba baƙon ciniki ba ne. Manomi ya gaji da fargabar kasuwa, sai ya aika a kira irinmu. In zo in zaga lambun, in ɗaga ganye in dubi fure da 'ya'yan da suka ɗaura, in murza ƙasar a tafin hannu, sannan in ce kwando kaza zai fita. A kan wannan maganar ake ƙulla ciniki. Ranar tsinka idan ya haura abin da na faɗa, rabona ne. Idan ya gaza, ni zan ji a jikina. Ba a aji na koya ba. Da dakon kwanduna na fara, ina lodi a motocin kudu, ina sauraron abin da manya ke faɗa idan sun tsaya a bakin lambu, har wata rana na ga idona ya fara riga bakinsu.

Shekarun da nake ba da labarinsu su ne waɗanda wayar hannu ta fara shiga ƙauyukanmu, lokacin da mutum zai hau tudun kanal, wato hanyar ruwan noman rani, yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Har yau idan na tuna su, safiya nake fara gani. Ruwan babban kanal yana tafiya shiru, tururi na tashi a kansa kamar an ɗora shi a murhu, balbelu na bin bayan masu ban ruwa, lambuna kore shar har inda ido zai gaji. Kana tafe a kan babur a gefen ruwan nan sai ka rasa ko kai ke tafiya ko shi. A wannan hanya mutum yakan yi tunanin abubuwan da ba zai faɗa wa kowa ba.

Ƙanena, autan Innarmu, shi kaɗai ne a gidanmu ya wuce sakandare. Auta muke ce masa har ya fara gemu. Yana shekarar ƙarshe a wata kwalejin aikin gona a birni, kuma abin da ya rage masa shi ne aikin bincike, wanda suke kira furojet: ya shuka abu da hannunsa, ya auna, ya rubuta, malaminsa ya zo ya gani da ido ya sa hannu. In babu wannan, babu takardar gamawa, sai ya sake shekara. Inna kuwa ta riga ta sanar da 'yan'uwanta na Dawakin Kudu cewa bana Auta zai gama, har an fara yi mata barka tun ba a kai ko'ina ba.

Na yanka masa gefe a wani lambu da na kama a ƙarshen layin ruwa. Ya ja fangali goma sha biyu, ya dasa tumatir, ya kafa turke a bakin kowanne da ƙyalle a ɗaure: huɗu ja, huɗu fari, huɗu shuɗi. Ranar da yake kafa su ya yi mini dogon bayani, littafinsa a hannu. Ni kuwa waya na kunnena, ina faɗa da wani direba da ya tsaya a hanya da kayana. Na riƙa gyaɗa masa kai kawai. A raina na ɗauka ƙyallayen na korar tsuntsaye ne, ko kuma ado irin na 'yan boko.

A wannan shekarar layinmu ranar Asabar yake samun ruwa. Da sassafe ake buɗe ƙofa, na sama su fara sha, mu na ƙarshe sai ya iso mu, wani lokaci da hantsi, wani lokaci sai azahar ta wuce. In ka rasa ranarka, sai wata Asabar.

Wata Juma'a da yamma na iske shi zaune a bakin ƙaramin kanal, ƙafafunsa cikin ruwa, da wata jarida mai ƙananan rubutu a kan gwiwarsa. Na zaci karatu yake. Da na matso sai na ga lambobi ne a jere daga sama har ƙasa, ya zagaye wasu da jan biro.

Na ce, “Auta, wannan kuma wane darasi ne?”

Bai ɓoye ba, dariya ma ya yi. “Pul ake ce masa, Yaya. Wasannin ƙwallon Ingila ne na gobe, kowane wasa da lambarsa. Ka zaɓi waɗanda za a tashi canjaras, babu wanda ya ci wani. Ka cike takarda ka kai shago. In naka suka fito, ka warke.”

“Wato caca.”

“Lissafi dai, Yaya.”

“Duk ɗan kartar da na sani haka yake cewa.”

Ya matsa mini wuri. Ban yi niyyar zama ba, amma na zauna. Ya ɗora yatsa a kan wata lamba ya ce, “Ka ga wannan garin? A bakin teku yake. A wannan watan kullum ruwa ake tafkawa, fili ya yi caɓal, ƙwallo ba ta gudu. Masu gida sun gaji, ranar Laraba suka buga. Baƙin kuma tsoron faɗuwa suke, gida kawai za su tare. To faɗa mini, daga ina ci zai fito?”

Yana magana kamar yana da gwaggo a garin. Bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ya san wanda ƙafarsa ke ciwo a can, da wanda ya yi faɗa da mai horarwa, da filin da iska ke shigowa ta kusurwa ɗaya. Rana tana faɗuwa a bayan lambunan albasa, ruwan ya koma launin manja. Ina sauraronsa ina kallon ruwan, wallahi na ɗan lokaci sai da na ga garin: gidajen jan bulo, mutane cikin manyan riguna, yayyafi na sauka a kan ciyawa ba ƙaƙƙautawa, mu biyu muna tsaye a gefe da silifas ɗinmu. Sai da wani kwaɗo ya faɗa ruwa na dawo.

Ya ba ni labarin ɗakinsu. Su biyar ne suke haya tare kusa da makaranta. Wanda ya koya musu cike takardar Kirista ne, ɗan wani makanikin tarakta da ya taso daga wajen Jos. Tun ranar farko ya gaya musu cewa babansa tun yana saurayi yake yi, kuma abin da ya samu a ciki tabarau ne kawai. Suka yi dariya har da buga ƙafa, sannan suka ce ya nuna musu inda ake sa alama.

Na ce, “To ya faɗa muku gaskiya, me ya sa ba ku ji ba?”

“Babansa mafarki yake bi, Yaya. Mu muna nazari.” Ya kaɗa ruwa da ƙafa. “Ka san a aji ni ba kowa ba ne. Sai malami ya duba takarda yake sanin sunana. Waɗanda suka gama bara suna nan suna yawo da fayil a hammata daga ofis zuwa ofis. Amma ranar Laraba, da jaridar nan ta fito, duk ɗakin ni ake jira. Farfesa suke ce mini. Ba wanda ke sa biro sai na yi magana.”

“Sau nawa ka ci, Farfesa?”

“Ban ci ba tukuna. Amma makon jiya saura ɗaya. Ɗaya tal! A minti na ƙarshe aka zura musu.”

Na dubi fuskarsa lokacin da ya faɗi haka. Fuskar wanda ya yi nasara ce. Wannan ya ɗaure mini kai, domin a sana'ata in ka ce saura kaɗan, hasara kake ba da labari. Shi kuwa wannan saura ɗayan ya fi masa komai daɗi. Da a ce duk lambobinsa sun watse, wataƙila da ya ji kunya ya bari. Amma an nuna masa ƙofa a buɗe kaɗan, an rufe a gaban hancinsa, sai ya tafi gida da tabbacin cewa hanyar ya sani, ƙafa ɗaya ce ta zame.

Ya ce, “Daga Laraba zuwa Asabar ba a ɗakin haya nake kwana ba, Yaya. Na gina wa Inna bene mai famfo a ciki. Kai ma makon jiya na saya maka manyan motoci uku, ko godiya ba ka yi ba.”

“Wane launi?”

“Kore.”

“Ka mayar, ba na son kore.”

Muka yi dariya, amma da muka tashi na yi masa faɗa sosai. Na ce haramun ne, kuma in Inna ta ji sai hawan jininta ya tashi. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce a hankali, “Yaya, kai da kake sayen tumatir tun bai nuna ba?”

Maganar ta same ni. Limamin unguwarmu ma ya taɓa jan kunnena a kan haka, na ce masa ni sai 'ya'ya sun ɗaura nake saye, ya ce to in dai kula. Na kwana biyu ina juya abin, har na samo dabarar da na ga babu kamarta. Zan kai shi lambu in ce ya ƙiyasta. Zai faɗi abin dariya, ranar tsinka kwanduna su ƙaryata shi a gaban mutane, ya gane cewa ido ba a jarida ake samunsa ba.

Akwai wani Bafillace da ya zauna a bayan Bunkure, yana da shanu yana kuma noman rani, ya aiko in zo in ga lambunsa. Na goya Auta muka je. Bayan gaisuwa na ce, “Bismillah, Farfesa. Tsinkar farko, kwando nawa?”

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya daɗe yana zagawa, yana durƙusawa, yana leƙa ƙarƙashin ganye. Mai lambun ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan saye ya zo yi ko neman allura?” Can ya fito ya ce tamanin. Ni na riga na ce ɗari a raina, na kuma faɗa da baki.

Bayan kwana goma aka tsinka. Tamanin da uku.

A nan ya kamata in yi shiru, ko in gaya masa cewa lambu ɗaya ba ya nuna mai ido, ni da na dace sau da yawa na kuma sha ƙasa sau da yawa. Amma ƙanena ne, kuma daɗi ya kama ni. A gaban masu lodi na dafa kafaɗarsa na ce, “Ku gan shi nan, ya kayar da ni. Yaron nan yana da ido.” Suka yi ta tafi suna tsokanata. A hanyar komawa, iska na kaɗa rigarsa, ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, “Ka gani ko, Yaya? Abin a jini yake.” Na je kashe wuta na zuba mata fetur da hannuna, kuma tun kafin mu kai Kura na san haka.

Asabar ɗin da ta biyo baya ruwa ya makara. Na sama sun dasa sabo, kowa na jan abin da zai iya. Tun hantsi Auta ke tsaye a bakin busasshen kwalbati da bututun jan ruwa a kafaɗa da littafinsa a aljihu. Yana duba agogo, yana duba hanya. Takardar pul ta 'yan ɗakinsu tana wurinsa, kuma dole ta shiga shago kafin la'asar, kafin a fara wasa a can ƙasar ruwan sama. Wayarsa ta yi ƙara sau uku. Ina jin muryar na ciki tana cewa, “Farfesa, ina kake ne? Taim fa na tafiya!”

Da aka kira azahar ya ajiye bututun. Ya ce, “Yaya, yau ruwan nan ba zai zo ba. Gobe da safe zan dawo in ari inji in ja daga magudana.”

Na ce, “Zai zo.”

“Ba zai zo ba. Na duba yadda yake tafiya.”

Ya tare mai babur ya hau. Ƙurar babur ɗin ba ta gama kwanciya ba sai ga ruwan. Duk wanda ya yi noman rani ya san wannan isowar. Da farko wani siririn harshe ne ke lallaɓowa a ƙasan kanal, yana tura busassun ganye da kara a gabansa, yana tsayawa a kowane rami sai ya cika shi sannan ya wuce. Ƙasa na shan sa tana ƙara kamar mai raɗa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi a tsakiyar rani. Na tsaya ina kallo kamar ban taɓa gani ba, sannan na juya na dubi fangalin Auta.

Masu jan ƙyalle sun yi kyau. Masu fari da dama-dama. Masu shuɗi kuwa abin tausayi, ganye ya nannaɗe, gajeru kamar ba rana ɗaya aka dasa su ba. Na ce a raina, dubi aikin ɗan boko, ko raba ruwa daidai bai iya ba. Na naɗe wando na ɗauki bututun. Na shayar da duka goma sha biyun har suka ƙoshi, masu shuɗin nan kuwa sai da na bar ruwa ya kwanta musu.

Lahadi bai zo ba. Da na kira shi, ya ce, “Yaya, saura ɗaya kuma! Wallahi bugun fanareti aka ba su na zalunci.” Can ƙarshe ya ce, “Ya lambun?” Na ce yana nan lafiya. Bai ƙara tambaya ba. Yanzu na gane ba ya son ya ji ne. Ya ajiye lambun a wani lungu na kansa inda komai ke jiransa yadda ya bar shi. Ni ma ban faɗa masa na shayar ba, domin so nake ya zo ya gani da idonsa kunya ta kama shi.

Asabar ta biyu ya ce suna da gwaji a makaranta. A bayan muryarsa ina jin ana musu a kan lamba goma sha tara. Na sake shayarwa. Na kuma ɗebo taki a buhuna na barbaɗa wa masu shuɗin, don su kamo 'yan'uwansu. Suka kuwa kamo. Cikin 'yan kwanaki lambun ya zama abin kallo, duka tsayi ɗaya, fure rawaya ko'ina, har maƙwabta na tsayawa suna sa albarka.

Ranar Laraba da hantsi ya iso, domin washegari malaminsa zai zo dubawa. Ina zaune a inuwar dalbejiya na hango shi. Na shirya maganganun da zan gaya masa. Ya tsaya a bakin lambun bai motsa ba. Ya je wurin turke mai shuɗin ƙyalle, ya durƙusa, ya cusa yatsa a ƙasa, ya ɗago ƙwayar takin da ba ta narke ba.

“Yaya, wa ya taɓa mini wannan?”

“Wanda ya tsaya da ruwa ya zo. Ai sai ka yi godiya, sun kusa mutuwa.”

Ya zauna daɓas a ƙasa. “Ai so ake su kusa mutuwa.”

Sai ya sake yi mini bayanin nan, wannan karon babu waya a kunnena. Ja, cikakken ruwa. Fari, rabi. Shuɗi, rubu'i. Duk binciken shi ne a ga iya ƙishin da tumatir zai jure kafin amfaninsa ya ragu, saboda manoman ƙarshen layi irina da ruwa ke isowa a makare. Bambancin da na gani na ɗauka sakaci ne, shi ne aikin. Ni kuma na goge shi tas, na bi da taki.

Wata iska mai ɗumi na kaɗa ƙyallayen. Daga nesa ana jin injin casar shinkafa.

Can ya buɗe littafinsa. Yana da awon makonnin farko. Ya dube shi, ya dubi lambun, sai na ga fuskarsa ta fara washewa irin ta ranar nan a bakin kanal.

“Yaya, ai na san yadda za su fito. Ja zai ba da kaza, fari ya biyo shi kusa, shuɗi ya faɗi da kamar rabi. Zan iya cike sauran da kaina. In na tsinke wasu rassa a masu shuɗin yau, malam ba zai gane ba. Wallahi in na rubuta, ko an auna ba zai wuce haka ba.”

Ya yarda da abin da yake faɗa, wannan ne ya ba ni tsoro. Na ce, “Auta, saurara. Ni ma ƙiyasi nake ci da shi, gaskiyarka. Amma kowane ƙiyasi nawa akwai ranar da ake jera kwanduna a gabana, a gaban mai lambu da masu lodi, in na yi kuskure in haɗiye. Haka idon ya samu. Wannan da za ka rubuta wa zai jera maka kwandunansa? Wani manomi ne zai karanta ya rage wa tumatirinsa ruwa a kan maganarka.”

“To in sake shekara? Inna fa?”

“Ni ba zan je in kai ƙararka ba. Rabin ɓarnar ma tawa ce. Amma in ya tambaye ni, abin da na yi zan faɗa.”

Ya tashi ya tafi bakin kanal. Ban bi shi ba. Har na bar wurin da yamma bai taɓa reshe ko ɗaya ba, amma kuma bai ce mini ya fasa ba.

Malamin ya zo washegari a wata tsohuwar mota, dattijo ne siriri mai hular kaba irin ta manoma. Muka gaisa. Ya zaga lambun sau ɗaya, hannuwansa a baya. Ya tsaya a tsakiya ya ce, “Masha Allah. Na daɗe ban ga tumatir mai kyan wannan ba. To, malam ɗalibi, nuna mini masu rubu'in ruwa.”

Auta ya nuna.

“Waɗannan?” Ya dubi ganyen, ya dubi Auta. “Ko dai ka gano abin da zai sa a kira ka ƙasashen waje, ko kuma akwai labari.”

Littafin yana hannun Auta a rufe. Ina ganin babban yatsansa yana shafa gefen shafukan. Na kawar da kai na dubi ruwa, domin ban so idona ya tura shi ko'ina.

Ya ce, “Akwai labari, Malam. Asabar biyu ban zo ba. Yayana ya shayar da su duka, bai san tsarin ba.”

“Rashin lafiya ka yi?”

“A'a, Malam. Ina birni ina cike takardar pul.”

Dattijon ya cire hularsa ya yi fifita da ita. Bai yi faɗa ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Alhaji, da ka bar su da ƙishinsu, ko da sun mutu, da mun rubuta cewa sun mutu, wannan ma sakamako ne. Yanzu babu abin da za a auna sai kirkinka.”

Na ce, “Malam, ba za a sake dasawa yanzu ba? Ni zan ba da fili da iri.”

“Kai ka fi ni sani. Zafi ya kawo kai. Ka taɓa dasa tumatir a wannan watan ya yi?”

Ban taɓa ba. Ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce wa Auta ya same shi a ofis ranar Litinin, sai kaka in Allah ya kai mu a sake daga farko. Da zai shiga mota ya ce in aika masa da kwando ɗaya in sun nuna, zai saya.

Ba zan ce daga ranar Auta ya bar cike takardar pul ba, don ban sani ba. Na san dai ya daina yi mini maganar garuruwan nan, kuma wani lokaci, abin mamaki, nakan ji kewarsu.

Daga lambun gida muka nufa. Na goya shi, muka bi gefen kanal a hankali. Rana ta take, hanya na rawa a gabanmu saboda zafi, wasu mata na wanki a kan matakalar siminti. A ƙofar gida na ce ni zan faɗa. Ya ce a'a.

Mun iske Inna a tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa a kan buhuna, ja wur daga bango zuwa bango. Auta ya durƙusa ya faɗa mata duka, har da pul ɗin, sai da ya yi mata bayanin menene shi. Ni ma na faɗi nawa. Ba ta daina yanka ba sai da muka gama.

Ta ce, “Shekara guda cur?”

Ya ce, “Guda, Inna.”

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, “Mutanen Dawakin Kudu kai za ka je ka faɗa musu da bakinka, ni na gama nawa.” Ta juyo gare ni. “Kai kuma babba, a yi maka magana kana waya.”

Ta tura mana kwandon da ƙafa, ta ce akwai wuƙaƙe biyu a madafi, mu yi sauri kafin inuwa ta cinye tsakar gidan.